Wata Biyu a Layin Dogo

Na isa Magariya ana kiran sallar azahar, da jaka ɗaya da takalmi sau-ciki wanda na goge a Daura, na sake gogewa a Babban Mutum kafin mu tsallaka iyaka. Aiki na zo kamawa. Kawuna Idi, ƙanin mahaifiyata, wanda ke fataucin dabbobi tsakanin Mai'aduwa da kasuwannin Nijar, shi ya kawo mini labarin. Ya ce ana neman mai murya da zai riƙa yin sanarwa a tashar layin dogo, kuma ya riga ya ba da sunana.

Ya kamata in faɗi abin da ya sa na taso ban yi tambaya ko ɗaya ba. Shekara tara na yi ina fassara labarai da karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo, aikin wucin gadi, ba a taɓa tabbatar da ni ba. Labarin jirgin ƙasa kuwa na fassara shi har na haddace. Tsohon layin da Turawa suka shimfiɗa ya zo Kano, ya wuce Nguru, wani reshen daga Zariya ya nufi Ƙauran Namoda. Daura ko kukansa ba ta taɓa ji ba. Kakanninmu a kan jakuna suka kai gyaɗarsu Kano, iyayenmu a manyan motoci. Sai ga sabon layi: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya tsallaka zuwa Maraɗi. Muna kallo aka fara tara ƙasa a bayan gari.

Daga nan aka buɗe wani ofishi mai tattara takardun masu neman aikin tasha, aka ce za a rufe karɓa bayan wata uku. Na je na karanta sharuɗɗan. Akwai gurbin mai sanarwa, amma sai mutum ya kawo takardar shaidar cewa ya taɓa aiki a tashar jirgi. Wannan a garin da jirgi bai taɓa zuwa ba.

Shi ya sa da Kawu ya yi maganarsa ban tsaya ba. Na san babu jirgin da ke ɗaukar fasinja a Nijar, ni da nake karanta labarai. Amma sai na yi wa kaina bayani: layi zai ƙare a Maraɗi, dole a fara horar da ma'aikata tun yanzu, wataƙila Magariya ce sansanin horon. In na yi wata biyu zan karɓi takarda in dawo kafin a rufe. Duk wannan ni na ƙirƙira, babu wanda ya faɗa mini. Na yi bankwana da masu sauraro a shirin yamma, na ce aikin jirgin ƙasa ya kira ni ƙasar waje. Har waya aka yi ta bugowa ana yi mini addu'a.

Na tsai da mai babur na ce ya kai ni tashar layin dogo. Bai ko ɗaga kai ba, ya ce in hau. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Ya sauke ni a tashar mota.

A gindin darbejiya na sami wanda aka ce in nema, Alhaji Isufu sarkin tasha, ƙaton mutum mai furfura a gemu, yana zaune a benci yana sakace.

"Kai ne ɗan yayar Idi? Mai rediyo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Lawal."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya zaro lasifika ta hannu, an ɗaure mariƙinta da robar taya.

"Ga kayan aikinka. Waɗancan bas huɗu su ne layinmu. Magariya, Bande, Dogo. Mai zuwa Damagaram ba ruwanka da shi, layin wasu ne."

Na riƙe lasifikar na ce, "Ranka ya daɗe, ina dogon?"

"Yana inda Allah ya ajiye shi, gaba da Bande."

"Dogo gari ne?"

Ya cire tsinken daga bakinsa ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Da mene ne? Mutum?"

Na koma gefe na kira Kawu. Ina jin kukan tumaki a bayansa.

"Kawu, tashar mota ce."

"To da ta mece ce?"

"Ka ce mini layin dogo."

"Layin Dogo na ce. Ni na ce maka jirgi? Lawali, kai ne mai karatu, ni raguna nake saye. Da ka tambaye ni da na faɗa maka."

"Kana zaune ina goge takalmi, kana ji ina yi wa mutane bankwana."

"Na ɗauka haka ku 'yan rediyo kuke yi in za ku ko'ina."

Na yi ta juya maganarsa ina neman inda ya yi kuskure, ban samu ba. Kalma uku ya faɗa, tashar layin Dogo, duk daidai. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Washegari na mayar wa Alhaji Isufu lasifikarsa, na ce ni aikin jirgi na fito nema, zan wuce Maraɗi inda layin zai ƙare.

"Je ka," in ji shi. "Lasifika ba ta gudu."

Maraɗi babban gari ne mai hada-hada, amma duk wanda na tambaya ofishin jirgi sai ya nuna mini hanyar filin jirgin sama. A wurin mai shayi kusa da kasuwa wani mutum ya ji ina tambaya, ya matso da kujerarsa. Siriri ne, da biro uku a aljihun gaba, kowa na ce masa Shef.

"Mi kake bida, aikin dogo? Ka zo a daidai. Ni ka ɗaukar musu mutane. Amma ba su bari a shiga wurin aiki sai da kaya."

Kayan su ne hular kwano mai ruwan ɗorawa da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, kuma Allah ya sa yana da su a cikin jaka. Na saya. Ya kwatanta mini wata tsamiya a hanyar Ɗan Isa, wadda ta nufi Jibiya, ya ce motar ma'aikata na tsayawa nan kullum da hantsi, in dai sun ga hula za su ɗauke ni.

Kwana uku na yi ina zuwa gindin tsamiyar nan. Motoci suna wucewa, fasinjoji suna leƙowa suna kallon mutum da babbar riga, da rigar ƙyalli a kanta, da hular kwano. Wani direba har ya rage gudu ya miƙo mini takardun motarsa. A rana ta uku wani manomi da ke noman gero a gefen hanya ya jingine hauyarsa ya zo.

"Malam, Shef ne ya aiko ka?"

Na ce shi ne.

"Na wancan watan kwana biyar ya yi. Kai kana da saurin ganewa ko kuwa za ka cika?"

Ya ja ni cikin gonarsa ya nuna mini wani turke da aka shafa wa jan fenti, da wani can gaba, da wani a gonar maƙwabcinsa. Ya ce masu awo ne suka kafa suka tafi.

"Ga jirginku nan. Ni dai akuyata nake ɗaurewa."

Ya ba ni fura a ƙwarya, ya tsaya har na shanye. Sannan ya ce in ƙarfen dogo nake son gani da idona, sai Doso, can yamma, ya ji an ce an shimfiɗa shi tun daga Yamai. Na bar masa hular. Ya ce za ta yi awon hatsi.

Tafiyar Doso yini guda ce cur. Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi. A kowane shinge jandarma zai hau ya karɓi katin shaida, ya ware na baƙi, mu sauka mu tsaya a rana, 'yan ƙasa suna zaune a mota suna jiranmu da tsaki. Wani ya tambaye ni sana'ata, na ce mai sanarwa a tashar jirgi. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita.

A Doso na ga ƙarfen. Wannan kam gaskiya ne: layi biyu a miƙe a kan tsakuwa, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakaninsu, a wasu wuraren yashi ya binne su. Mata sun shanya barkono a gefe. Na san tarihinsa, na taɓa fassarawa. An so a haɗa shi da tsohon layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a tsakiyar ƙasar Binin, don kaya su riƙa zuwa Yamai daga bakin teku. Tsakanin nan ne ba a haɗa ba. Na tsuguna na auna faɗinsa da hannu. Ya fi wanda ake shimfiɗawa a wajenmu ƙunci. Ko da wata rana jirgin Kano ya ratso duk ƙasar nan ya iso, ƙafafunsa ba za su hau wannan ƙarfen ba.

Wani tsoho Bazabarme yana zaune a inuwar bango yana tufka igiya, yana kallona ina awo. Sunansa Baba Hamani, Hausarsa a karye take amma tana isar da saƙo. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na tambaye shi ko akwai wani babba da zai iya sa mini hannu a takardar shaidar aiki.

"Aikin me?"

"Sanarwa. In jirgi zai tashi in faɗa wa fasinjoji."

Ya dubi ƙarfen gabas, ya dube shi yamma. "Zauna ka ci abinci tukuna."

Ya buɗe kwano, dambu ne da zogale, muka ci tare. Da muka gama ya ce shi bai taɓa jin yadda ake wannan sanarwa ba, in yi masa ya ji. Na ce ba wuri ba ne. Ya ce ina ne wurin, in ba nan ba? Sai na miƙe na gyara riga, na fuskanci ƙarfen da awaki biyu da ke kwance a kai, na ɗauki muryar aiki.

"Ana sanar da matafiya cewa jirgin da ya taso daga Maraɗi zuwa Kano zai tashi nan da minti goma. Zai tsaya a Jibiya, Katsina, Mashi, Daura..."

A nan muryar ta maƙale. Shekara tara ina magana a bainar jama'a, ban taɓa sarƙewa a kan sunan gari ba. Abin da ya faɗo mini shi ne ƙofar gidanmu da la'asar, 'yata Ummi tana zaune a dokin ƙofa ta hana kowa wucewa sai ya ba ta hannu. Na yi tari kamar ƙura ce.

"Sake," in ji Baba Hamani. "Wannan na ƙarshen ya fi daɗi."

Da yamma na kira matata Hafsatu.

"Baban Ummi, yaya jirgin? Mutanen unguwa sun dame ni da tambaya."

"Yanzun nan na taso daga kan layin."

"Masha Allah. Ka ji wanda suka sa a madadinka a rediyo? Jiya sunan garin Sandamu ya karanta kamar sunan magani."

Ta nan na san an ba wani kujerata. Saura wata biyu da kwanaki a rufe karɓar takardu, ba ni da aiki a baya, ba ni da takarda a gaba. Na hau mota na koma Magariya.

Alhaji Isufu yana bencinsa. Ya laluba ƙasa ya miƙo mini lasifikar. Na ce da sharaɗi: in na yi wata biyu zai ba ni takardar shaida da hatimi. Ban san amfanin da za ta yi mini ba, amma na rantse ba zan koma Daura hannu wofi ba.

"Hatimi ai muna da shi," in ji shi. "Har biyu."

Ranar farko na kunna lasifika na ce, "Jama'a, ana sanar da matafiya masu niyyar zuwa Bande da Dogo cewa motar farko tana nan a shirye." Tasha ta fashe da dariya. Kamashon layin Damagaram, wani mai murya kamar ana jan kwano a siminti, ya yi ta kwaikwayona har la'asar.

Alhaji Isufu ya yafito ni. "Ɗan Najeriya, labaru kake karanta mana? Ce Dogo, Dogo, saura mutum ɗaya!"

"Ranka ya daɗe, saura bakwai."

"Waɗancan na ciki fa?"

"Uku daga cikinsu ma'aikatanka ne. Da fasinja ya zo za su sauka."

"To shi fasinjan ya sani?"

Mun yi mako muna wannan. Shi yana cewa ɗaya, ni ina cewa bakwai, biyar, huɗu. A ƙarshe ya gaji ya ƙyale ni, don ya lura mata masu kai kaya kasuwa sun fara aiko tambaya ko saura nawa a bakin ɗan Najeriya, su ƙarasa cinikinsu su zo a kan lokaci. Ba zan ce motocinmu sun fi cika da sauri ba. Ba su fi ba. Ni ma na sassauta daga baya, na koyi cewa "saura kaɗan", wadda ba ta da adadi balle a kama ni.

Muryata ta dushe a mako na uku. Wata mai abinci a tashar, Hajiya Mariyama, ta fara ajiye mini ruwan citta da kanumfari kowace safiya, ba ta taɓa karɓar komai ba. Ta ce ɗanta yana Legas yana gadi, ba ta san wanda ke ba shi ruwan zafi ba. Sau ɗaya na bi mota na je Dogon da kaina, don kada in yi wata biyu ina kiran garin da ban taɓa gani ba. Gari ne sosai, da masallacin Juma'a da makaranta da masu faci a bakin titi. Na tsaya gaban allon sunansa na ɗan lokaci, na hau motar dawowa.

Da wata biyu suka cika Alhaji Isufu ya kai ni wurin Mushe Abdu, haka suke kiran malaman boko a can, tsohon malamin makaranta da ke buga wa mutane takardu. Ya buga da Faransanci, aka danna hatimi biyun duka. Na ce ya fassara mini. Yana karantawa ya bayyana mini cewa kalmar da suke kiran tasha da ita ɗaya ce, ko ta mota ko ta jirgi, kalmar layi ma haka. Babu inda takardar ta ambaci mota.

A Daura ofishin yana karɓar fassara da Turanci ko da Hausa. Na zaɓi Hausa. In da Turanci ne dole in fito fili in ce tashar mota ko ta jirgi. Na zauna a shagon buga takardu na rubuta jimlar da kaina: ya yi aikin sanarwa na tsawon wata biyu a tashar layin, sai na tsaya. Yatsana yana kan harafin farko na kalmar dogo, mai shago yana jira. Ƙaramin harafi zai ba ni aiki. Babba shi ne daidai. Na daɗe. Na buga babba, ina fatan mai karɓa ba zai lura ba. Wannan ma in faɗe shi.

Saura kwana huɗu a rufe na kai. Akawun matashi ne mai tabarau, da jan biro a hannu. Ya karanta ta Faransancin da ido kawai, ya shafa hatiman, ya gyaɗa kai. Ya koma kan fassarar.

"Masha Allah, Malam Lawal, ƙasar waje ma. Kai kaɗai ka kawo irin wannan." Sai ya tsaya. "Amma kai da ka yi rediyo? Dogo ai ba suna ba ne, ba a sa masa babban harafi."

Ya soke shi da jan biro, ya rubuta ƙarami a sama, ya ɗora takardata a kan ƙaramin tari na hannun dama. Ya ce, "Na gaba."

Abin da ya rage mini shi ne in yi godiya in fita. Ba ni na rubuta ƙarya ba, shi ya rubuta da hannunsa. Na miƙe har na juya. Ba zan ce tsoron Allah ne ya tsai da ni ba, ko da yake ina so in ce haka. Jan biron ne. Yaron da bai kai ni shekarun aiki ba ya gyara mini Hausa a gaban mutane, kuma gyaran kuskure ne.

"Malam, mayar da harafin."

"Na'am?"

"Suna ne. Gari ne, tsakanin Bande da Damagaram. Na je."

Ya cire tabarau. "To jirgin fa?"

"Bas huɗu ne."

Ya kira na teburin kusa ya ce ya zo ya ji. Na maimaita. Suka yi dariya har na bayan layi suka tambayi abin da ya faru, aka gaya musu, su ma suka yi. Akawun ya goge ido, ya mayar da harafin da kyau, ya ɗauke takardar daga hannun dama ya ɗora a kan babban tarin hagu.

A gida Hafsatu tana tankaɗe a tsakar gida. Na ba ta labarin tun daga Magariya, ban rage komai ba. Ba ta daina tankaɗen ba sai da na kai ƙarshe. Ta ajiye rariya, ta kakkaɓe hannu.

"Baban Ummi, yanzu harafi ɗaya ne ya hana mu aikin nan?"

Na ce, "Babba ne."